Gwanintar da Ke Bayan Na'urar POS ta Tambuwal

Duk wanda ya yi ciniki a Tambuwal ko Kebbe da ke kudancin jihar Sakkwato cikin watan Fabrairun 2023 ba zai manta da shi ba. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbin kuma suka yi wuyar gani. Mai albasa a Dogon Daji, mahauci a Sanyinna, mai hatsi a Kuchi, kowa ya wayi gari ba ciniki sai da taransifa. Miliyoyin mutane a faɗin ƙasar nan suka afka wa manhajojin bankuna a lokaci guda. Wasu manhajojin suka durƙushe, mutum ya tura kuɗi tun da hantsi, har la'asar mai kaya na riƙe da shi don alat bai shigo ba. Wasu kuwa, musamman na sababbin kamfanoni irin su Moniepoint da OPay, sun fi jure wa nauyin, kuma daga lokacin ne na'urorinsu suka ƙara cika tashoshin mota da bakin kasuwanninmu.

Dalilan wannan bambanci suna da yawa, amma akwai guda da ba a cika faɗa ba: ina kwamfutocin da ke ɗauke da aikin suke, kuma wane irin hannu ke juya su. Kamfanin da ya sayi manyan kwamfutoci goma ya girke a ɗakinsa, goman nan ke gare shi, ko mutum dubu suka zo ko miliyan. Wanda ya gina aikinsa a kan kwamfutocin haya kuwa, yana iya mayar da goma ta zama ɗari cikin 'yan mintoci, in cunkoso ya lafa ya saki casa'in ya daina biyan kuɗinsu. Moniepoint na cikin kamfanonin da Google ke ambatawa a jerin masu aiki da dandalinsa na haya. Wannan tsari na hayar kwamfuta daga nesa ta intanet shi ake kira gajimare, kuma mutanen da suka iya gina aiki a kansa su nake so in yaba yau. Talaka na cin moriyar aikinsu kullum, amma da wuya ka ji an ambace su.

Kwamfutocin suna zaune ne cikin manya-manyan gine-gine marasa tagogi, jere-jere a kan kantocin ƙarfe, da na'urorin sanyaya wuri da janaretoci da masu gadi. Kamfanin Amazon ne ya fara buɗe wannan kasuwa ga kowa a 2006, kuma abin alfahari ga nahiyarmu, wani babban ɓangare na wannan aikin farko a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu aka gina shi. Google ya biyo baya a 2008, Microsoft ya fito da nasa mai suna Azure a 2010. An daɗe ana kai bayanan 'yan Afirka Turai da Amurka kafin a dawo da amsa. Sai a 2019 Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu, Amazon ya buɗe a Kef Tawun a 2020, ya kuma kafa ƙaramin reshe a Legas a farkon 2023. A cikin gida muna da Rack Centre da cibiyar da kamfanin MainOne ya gina a Legas, muna da Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya wanda aka kafa a 2006, wanda kuma ya buɗe babbar cibiyar ajiyar bayanai a Kano a watan Janairun 2023.

Me ya sa ma'aikata ko ƙungiya a kudancin Sakkwato za ta damu da wannan? Saboda ajiye babbar kwamfuta a yankinmu wahala ce zalla. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Uwar garke, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗibar bayanai daga gare ta, ba ta jure wa zafi, tana son na'urar sanyaya ɗaki dare da rana. Na'urar na son wuta, wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta, sai a koma ga janareta da dizal. Hunturu ya shigo, ƙura ta toshe fankokinta. Damina ta faɗi, tsawa ta bi waya ta ƙone ta. Ranar da ta mutu, sunayen ma'aikata da sakamakon ɗalibai da lissafin magani na shekaru sun tafi tare da ita, sai a zauna jiran mai gyara daga Sakkwato ko Kano. Hayar kwamfutar nesa ta sauke wa ƙaramar ma'aikata duk wannan nauyi, ta bar mata abu biyu kawai: hanyar intanet, da mutumin da ya san abin da yake yi.

Hayar hawa-hawa ce, kuma mai safarar albasa daga Tambuwal zuwa Legas zai fi kowa saurin gane ta. Yana iya sayen tirela tasa, ya ɗauki nauyin direba da taya da bakanike da takardu, ko da kaya ko babu. Wannan shi ne mai uwar garke a ɗakinsa. Yana iya ɗaukar hayar motar kawai, ya ɗora direbansa, ya zuba mansa, ya zaɓi hanyarsa. Masu sana'ar na kiran irin wannan IaaS, wato an ba ka kwamfuta tsirara ka ɗora mata abin da kake so, kai za ka kula da ita. Yana iya yin shata, mota da direbanta da yaron mota, nasa kawai ya loda kaya ya faɗi inda za a sauke. Wannan shi ne PaaS, dandalin da aka riga aka shirya da rumbun bayanai da kayan aiki, mai manhaja ya kawo manhajarsa ya ɗora. Ko kuma ya biya kuɗin buhu biyar a motar da ta riga ta yi lodi. Wannan shi ne SaaS, irin su Gmail da Google Forms da Microsoft 365, ka buɗe ka yi aikinka ka rufe.

Gwanintar farko ita ce sanin hawan da ya dace da kowa. Makarantar Islamiyya mai ɗalibai ɗari uku da ke son ajiye rajista da sakamakon jarrabawa, hawa na ƙarshe ya ishe ta, kuma injiniya mai amana zai faɗa mata haka ko da hakan zai rage masa kwangila. Ƙungiyar manoma mai son manhajar da za ta riƙe lissafin bashin taki da ranar biya, hawa na tsakiya ya fi mata, domin ba ta da ma'aikacin da zai kwana yana sabunta kwamfuta. Ni a ganina wannan hawa na tsakiya shi ne ya fi dacewa da yawancin ma'aikatunmu. Matashi guda mai ƙwazo zai iya gina abin da a da sai an tara mutum biyar, saboda ajiyar kwafi da toshe ɓaraka da ƙara ƙarfi duk suna wuyan mai dandali.

Mu bi naira dubu biyar mu ga aikin kusa-kusa. Dattijo ya zo tashar motar Tambuwal, ya miƙa katinsa ga mai POS, ya danna lambarsa ta sirri. Na'urar ta tura saƙo ta layin wayar da ke cikinta zuwa turken sadarwa mafi kusa, daga nan ya bi wayar ƙarƙashin ƙasa ya nufi kudu, ya isa kwamfutocin kamfanin. Su kuma suka miƙa shi ta hanyar da ke haɗa bankuna har bankin dattijon, banki ya duba asusu, ya cire kuɗin, ya aiko da amsa ta dawo ta hanyar da ta bi. Duk wannan cikin daƙiƙu kaɗan. To amma a ce a kan hanyar dawowa sabis ya ɗauke. Banki ya cire, na'ura ba ta ji ba.

"Baba, sabis ne ya ɗauke, bari mu sake."

"To ɗana, an cire ko ba a cire ba?"

A nan ake gane gwani. Idan gaggawa aka yi wa ginin, sakewar nan za ta sa a cire wa dattijo kuɗi sau biyu, ya kwashe kwanaki yana zarya. Injiniyan da ya san aikinsa ya riga ya yi tunanin wannan dattijo tun kafin ya gan shi. Ya sa kowane ciniki na ɗauke da lambarsa ta daban wadda ba ta maimaituwa. In saƙo ya sake zuwa da lambar da aka taɓa gani, kwamfuta ba za ta sake aiwatar da shi ba, amsar farko za ta mayar. Ya kuma ajiye wani ƙaramin aiki mai zagayawa yana gwada littafin kamfani da na banki, duk cinikin da ya tsaya a rabi ya mayar wa mai shi kuɗinsa ba tare da ya zo ya yi kuka ba. Ba a ganin wannan a jikin na'ura, ba a tallarsa a rediyo. Amma shi ne dalilin da ya sa mutumin da bai taɓa shiga banki ba ya yarda ya miƙa katinsa.

Ƙara ƙarfi lokacin cunkoso ma ba da hannu ake yi ba. Injiniya rubuta ƙa'ida yake yi, a ce misali: in nauyin da ke kan kwamfutoci ya wuce kashi 70 cikin ɗari na tsawon minti biyar, a tayar da wasu biyu, in ya sauko ƙasa da 30, a kashe ɗaya. A gabansu ya kafa mai raba aiki, wanda ke karɓar kowane saƙo ya miƙa wa wadda ba ta da lodi, in kuma wata ta daina amsawa ya daina aika mata. Manhajar kanta ana naɗe ta cikin ƙunshi guda da duk abin da take buƙata, yadda za a iya tayar da kwafinta hamsin iri ɗaya. Kubernetes, wanda Google ya saki kyauta a 2014, shi ne ya fi shahara wajen kula da waɗannan ƙunshe-ƙunshe. Abin da ya fi burge ni shi ne, gwanaye sukan rubuta tsarin gidan gaba ɗaya a fayil, tun daga yawan kwamfutoci har wanda ke da izinin shiga ina, da kayan aiki irin su Terraform. Ko da komai ya rushe yau, a kunna fayil ɗin, gida ya sake tashi yadda yake. Ilimin bai tsaya a kan mutum ɗaya ba, wanda ya gaje shi zai karanta ya gane.

Kada a ɗauka wannan zance na 'yan kasuwa ne kaɗai. Ɓangaren lafiya ya riga kowa a yankinmu. Kowane ƙarshen wata, ƙananan asibitocin ƙauyuka sukan cike takardar taƙaitaccen rahoto: mata nawa suka zo awo, yara nawa aka yi wa rigakafi, masu zazzaɓin cizon sauro nawa aka gwada. Takardun su taru a hannun jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma, ya shigar da su manhajar DHIS2 ta intanet. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar gina wannan manhaja, kuma ita ce Najeriya ta ɗauka don tattara bayanan lafiya na ƙasa baki ɗaya. Lambar da aka shigar a Kebbe, mai tsara rabon magani a Sakkwato da wanda ke Abuja za su iya ganinta a ranar, ba sai an ɗora fayil a mota ba.

Yaƙi da cutar shan-inna ya kai abin wani mataki. A jihohin arewa an riƙa ba tawagogin masu ɗiga rigakafi wayoyi masu nuna inda mutum ya taka. Da yamma a kwashe bayanan a tura, a ɗora su kan taswira, sai ga unguwannin da aka shiga da rugagen da aka tsallake sun fito fili, washegari a koma musu. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 take kuma da babban ofishi a Kano, tana cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki da cibiyoyin ɗaukin gaggawa na jihohi, har da ta Sakkwato. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Yabo na farko na matan da suka bi gida-gida cikin rana ne, da sarakuna da malaman da suka tsaya. Amma akwai kason waɗanda suka tabbatar bayanan dubban wayoyi sun isa inda za su kowane dare ba su ɓace ba.

Sai dai gina wa Kebbe ba kamar gina wa Abuja ba ne, kuma a nan nake bambanta wanda ya haddace darasi da wanda ya ƙware. Littattafan koyon wannan sana'a yawanci suna ɗauka intanet na nan kullum. Mu kuwa mun san akwai ƙauyen da sai an hau tudu ko an fita bayan gari ake samun sanda ɗaya ta sabis. A watan Satumban 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an katse layukan sadarwa a Zamfara, sannan aka katse a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Najeriya suka ji a jikinsu. Manhajar da ba ta motsi sai da intanet, a irin waɗannan ranaku ba ta da amfani ko kaɗan.

Gwani yakan gina abinsa yadda waya za ta yi aiki ita kaɗai. Ma'aikaciyar lafiya ta cike fom ɗinta a rugar da ba sabis, wayar ta adana, ranar da ta shigo gari aka samu layi sai bayanan su tafi da kansu. Kayan aiki irin su ODK da KoboToolbox a kan wannan tunani aka gina su, shi ya sa ƙungiyoyin agaji da na lafiya suka rungume su a arewa. Akwai ƙananan dabaru a ciki da ba mai lura da su sai wanda ya taɓa shan wahalar rashinsu. Ana matse hoto ya ƙanƙance kafin a tura, don kada ya cinye datar ma'aikaciya. In tura bayani ya katse a tsakiya, daga inda ya tsaya zai ci gaba. In mutum biyu sun gyara sunan yaro ɗaya a wayoyi daban-daban ba tare da sanin juna ba, akwai ƙa'idar da za ta yanke wanne za a ɗauka, ko ta ajiye duka biyun ta nemi mutum ya duba. Wanda ya yi tunanin waɗannan abubuwa ya girmama mutanen karkara, ya ɗauke su da muhimmancin da yake ba na birni.

Kuskure a wannan sana'a kan yi tsada, kuma sau da yawa ba daga kwamfutocin haya yake fitowa ba, daga yadda aka tsara su ne. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, hukumar INEC ta yi alkawarin cewa daga kowace rumfa cikin 176,846 za a ɗauki hoton takardar sakamako da na'urar BVAS a tura shafin IReV kowa ya gani. A kotun sauraron ƙarar zaɓe an shaida cewa a dandalin Amazon aka ɗora shafin. Sakamakon 'yan majalisa ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa ya maƙale na sa'o'i. Bayanin da hukumar ta bayar a rahotonta shi ne, an tsara ma'ajiyar sakamako jiha-jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, sai manhajar ta rasa inda za ta ajiye shi. Akwai 'yan Najeriya da yawa da ba su gamsu da wannan bayani ba. Ko ma dai yaya ne, in an ɗauke shi yadda aka faɗa, abu ne da cikakken gwaji kafin ranar zai iya tonawa. Shi ya sa ƙwararru ke gina gida biyu, ɗaya na gwaji ɗaya na aiki, su cika na gwajin da lodin ƙarya har sai ya karye a hannunsu, su ga inda ya karye tun babu wanda zai cutu.

Haka batun tsaro yake. Mai dandali ya ɗauki nauyin ginin da wutar da injinan, amma makullin asusunka a hannunka yake. A 2019 an kwashe bayanan mutum sama da miliyan 100 daga bankin Capital One na Amurka, ta wata kafa da aka bari saboda kuskuren saiti. In babban banki a Amurka zai faɗa wannan rami, ina ga ofishin da ma'aikata shida ke amfani da kalmar sirri guda, an ma rubuta ta a bayan kalanda? Injiniyan kirki yakan ba kowa makullinsa, ya kuma taƙaita masa iya ɗakin da aikinsa ya shafa. Akawu ya ga albashi, kada ya ga bayanan marasa lafiya. Ya sa sai an haɗa kalmar sirri da lambar da ke zuwa waya kafin a shiga. Ranar da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, a ranar ake rufe makullinsa. Sannan ya ajiye kwafin bayanai a wuri na biyu, kuma lokaci-lokaci ya gwada dawo da su, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana da rai ba. Tun watan Yunin 2023 da aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wannan ya zama wajibi a kan duk mai riƙe da sunaye da lambobin mutane, asibiti ne ko makaranta.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi kama ƙananan ƙungiyoyi. Manyan dandalan nan da dala suke yanke farashi. A watan Mayun 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ke biyan dala 200 a wata ya ga kuɗinsa ya ninka fiye da sau uku ba tare da ya ƙara komai ba. Kuma hayar ba ta san ka yi barci ba. Kwamfutar da aka manta a kunne tana cin kuɗi duk sa'a. Na fi ganin darajar injiniyan da ke zama da takardar biya yana bin ta layi-layi, ya kashe kwamfutocin gwaji da dare da ranakun hutu, ya kwashe tsofaffin fayiloli zuwa ma'ajiya mai arha, ya sa ƙararrawar da za ta sanar da shi in kashe kuɗi ya kusa iyaka. Shi ne kuma zai auna ko ya fi a koma dandalin cikin gida mai karɓar naira. Ga ma'aikatun gwamnati ma akwai ƙa'ida: hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, wadda Kashifu Inuwa Abdullahi ya karɓi ragamarta a 2019, ta fitar da manufar da ke cewa ma'aikatu su fara duba hanyar gajimare kafin su sayi injina, tare da sharaɗin cewa bayanan gwamnati masu muhimmanci su zauna cikin ƙasa. Cibiyar Galaxy Backbone ta Kano ta zo daidai da wannan buƙata ga jihohin arewa.

Akwai wani abu da ke yawan faruwa wanda nake so shugabannin ƙungiyoyi da makarantu su kiyaye. A kawo ɗan kwangila daga nesa ya gina manhaja, ya buɗe asusun hayar da sunansa da imel ɗinsa, a biya shi ya tafi. Bayan shekara a samu saɓani, ko ya canza lamba, sai a tarar bayanan ƙungiya kaf suna hannun mutumin da ba a san inda yake ba. Kafin a sa hannu a kowace takarda, a tabbatar asusun da sunan ƙungiya aka buɗe shi, babban makulli na hannun mutum biyu daga cikinta. A tambayi nawa za a riƙa biya duk wata bayan an gama gini. A tambayi yadda za a kwashe bayanai in an so barin wannan dandali. Gwani na gaskiya murna yake yi da irin waɗannan tambayoyi, yakan ma riga ka kawo su.

Sana'ar ba ta gado ba ce, kuma ba ta buƙatar mutum ya bar garinsu. Tana buƙatar kwamfutar cinya, da wuta, da data, da Turancin da zai isa karanta bayanin kayan aiki, da haƙuri mai yawa. Ana farawa da Linux da sanin yadda kwamfutoci ke magana da juna, sai yaren rubuta manhaja guda kamar Python, sai rumbun bayanai, daga nan a shiga dandalin Amazon ko Google ko Microsoft, waɗanda dukkansu ke ba mai koyo ɗan abin gwaji kyauta. Shirin horar da matasa na 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 ya sa wannan fanni cikin darussansa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi suna yaye masu ilimin kwamfuta duk shekara, cikinsu akwai 'ya'yan Tambuwal da Jabo da Kebbe, maza da mata. Ba a ƙwarewa cikin wata uku, duk wanda ya ce maka haka takardar shaida yake son sayar maka. Amma wanda ya dage, ya gina ƙananan abubuwa na gaske, ya ga sun lalace ya gyara, zai kai. Kuma yana da abin da injiniyan Legas ba shi da shi: ya san inda sabis ke ɗaukewa a hanyar Kebbe, ya san wayar da ke hannun ma'aikaciyar asibitin ƙauye, ya san harshen da za a rubuta saƙon kuskure da shi har dattijo ya gane.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da 'yan majalisarmu, da attajiranmu masu gina masallatai da rijiyoyi, Allah ya saka musu: a ware ɗaki guda a kowace sakatariya, a sa masa wutar sola da intanet mai ƙarfi da kujeru ashirin, a bar shi buɗe ga matasan da ke koyon wannan aiki. Sannan in an tashi ba da aikin rajistar ma'aikata ko lissafin harajin kasuwa ko bayanan ɗalibai, a fara gwada su da shi.